Har Sai An Ɗauki Hoton

“Wa ya ba shi? Tambaya nake, wa ya ba shi?”

Wilson ne tsaye a kaina, ni kuma ina tsugune ina kwashe ƙosai daga cikin mai. Ko gaisuwa babu. Yaron da na goya a bayana ranar da aka binne uwarsa, yau shi ne yake nuna ni da makullin mota, motar ma ta aro. A bayansa ga ubansa, Baba Jethro, riƙe da hularsa a hannu, kansa a ƙasa.

“Ba shi me?” na ce.

“Ƙosai, Maman Blessing! An ce mutum ya zo da cikinsa wayam, ke kin ɗura masa ƙosai da kunu!”

“Ni na zo da ƙafata,” in ji tsohon a hankali. “Ba ta sani ba.”

Ina kuwa zan sani? Tun da na kafa kaskona a gindin mangwaron ƙofar gidansu a Narayi, Baba Jethro ne mai buɗe min kasuwa. Ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a masaƙa a Kakuri, jikinsa ya saba da jiniyar safe. Masaƙa ta sallame shi tuntuni, amma cikinsa bai samu labari ba. Gari na wayewa zai fito da ƙaramar kujerarsa, ya ci ƙosai mai zafi, ya sha kunu marar suga, sannan ya haɗiye ƙwayar ciwon sugarsa. Ranar Alhamis ɗin nan ma haka ya yi, tun Wilson yana barci.

Sai daga baya na haɗa zancen. Ciwo ne ya daɗe yana cin tsohon a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Dangi a ƙauye suka fara gulma, wai Wilson ya shiga siyasa ya manta da uba. Shi ne ya ɗauke shi zuwa wani asibitin kuɗi a Barnawa, don ya samu abin da zai toshe musu baki. Likita ya ce a gwada jini, a kuma ɗauki hoton ciki, irin wanda ake shafa wa mutum mai a tumbi a goga wani abu, kayan cikinsa su fito a talabijin. Sharaɗi ɗaya ne: daga dare kada ya ci komai sai ruwa, don abinci yana rufe hoton, yana kuma ɓata gwajin jinin.

Da suka je, nas ta tambaye shi ko ya ci wani abu. Baba Jethro bai iya ƙarya ba, ya ce ɗan ƙosai ne kawai. Nas ɗin ta juya kan Wilson a gaban layi ta ce, “Oga, Turancin ne ba ka ji, ko Hausar?” Mutane suka yi dariya. A makon nan kuwa Wilson ba mutumin da za a yi wa dariya ba ne. Sojoji za su miƙa mulki ranar Asabar, maigidansa ya ci kujerar majalisa, shi ma har ’yan unguwa sun fara kiransa Honarabul, yana amsawa.

Na bi su cikin gida da cokalin ƙosaina a hannu, don na ga idon yaron bai yi min ba. Ya shiga ɗakin ubansa ya fito da Littafi Mai Tsarki, tsohon nan mai baƙin bango da aka ɗaure da roba. Ya aza shi a kan turmi a tsakar gida.

“Ɗora hannu.”

“Wilson, ni ne fa.”

“Ai kai ne. Kai ne ka sa ’yar ƙaramar yarinya ta zage ni a gaban jama’a. Tun da cikinka ya fi ƙarfinka kamar jariri, ɗora hannu.”

Matarsa Vicky tana bakin kicin tana kallo. 

Sai mutum ya san Baba Jethro zai gane abin da aka yi masa. A hannun ’yan mishan ya tashi, dattijo ne a ikilisiya, ko a kasuwa ban taɓa jin ya ce wallahi ba. Littafin nan kuma ba ya ajiye shi a ƙasa, ba ya taɓa shi da hannun da ya ci abinci. Ya kalli ɗansa, sannan ya goge tafinsa a jikin rigarsa ya ɗora.

“Ka ce, ba zan sa komai a bakina ba sai ruwa da magani, har sai an ɗauki hoton.”

Ya faɗa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ni dai na ce a raina, zuwa gobe da safe ne, ba zai kashe shi ba. Na koma kan kaskona raina a ɓace, ƙosan ranar duk sun ƙone.

Ranar Juma’a suka fita da sassafe. Kujerarsa ba ta fito ba. Har rana ta take ban ga sun dawo ba, har la’asar, sai dab da magariba motar aron ta tsaya. Babu wuta a asibitin, janareto ya lalace, an yi ta jiran mai gyara har aka gaji, aka ce su dawo gobe. Tsohon ya fito daga mota yana dafa bango. Ya ɗaga min hannu kamar kullum, har da ɗan murmushi.

Na yi sauri na zuba faten tsaki da yakuwa a kwano, abin da ya fi so ke nan, na shiga da shi. Vicky ta tare ni a ƙofa.

“Ina za ki da wannan, Mama?”

“Wajen Baba.”

“Haba. Ai yamma ta riga ta yi. Gobe da safe za a koma. In ya ci yanzu, me aka yi ke nan?”

“Tun jiya da safe fa rabonsa da abinci, Vicky.”

“To ai gara haka. Cikin yana ƙara wankewa, hoton zai fi fita tas.”

Ban san wane likita ya koya mata wannan ba. Daga falo, inda yake zaune da ’yan jam’iyya suna tsara bikin gobe, Wilson ya ɗaga murya ba tare da ya leƙo ba. “A bar shi. Ya rantse.”

Na koma da kwanona. Ni ma ban iya ci ba.

Ranar Asabar gari ya tashi da hayaniya. Wilson ya sa sabuwar babbar riga ya tafi cikin gari wajen rantsar da gwamna. Vicky ta tara ’yan’uwanta, an kafa manyan tukwane a tsakar gida, an yanka awaki. Babu mai lokacin tsoho, don haka na kashe wutar kaskona na ce ni zan raka shi. Kafin mu fita Vicky ta biyo shi da kofin ruwa, hannunta duk jan mai.

“Maganinka, Baba. Likita ya ce kada a tsallake ko rana ɗaya.”

A nan kam ba ta taɓa sakaci ba. Ya haɗiye, ya yi mata godiya.

A asibiti kowa yana gaban talabijin, ma’aikata da marasa lafiya, har da wani mai ƙarin ruwa a hannu. Sojoji suna fareti, manya cikin manyan riguna suna ɗaga hannu suna rantsuwa. Ɗakin hoto a kulle, mai ɗaukar bai zo ba, mai ɗibar jinin ma haka. Da ƙyar na samu wata nas ta juyo.

“Sai Litinin,” ta ce. “Baba, ku je ku ci abinci. Ranar Lahadi da dare sai ku dakata.”

“Tun Alhamis bai ci komai ba,” na ce mata.

Ta yi ’yar dariya, ta ɗauka irin ƙarin gishirinmu ne na mata. “To ku ba shi mana, Mama.” Idonta ya koma kan talabijin.

A bakin ƙofar asibitin akwai mai shayi. Na zaunar da tsohon a benci, na ce a haɗa mai kauri, a yanko burodi. Da aka ajiye a gabansa sai ya kawar da kai. Hannuwansa suna rawa a kan gwiwa, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa ga shi kuwa gari da hadari, iska mai sanyi tana kaɗawa.

“Baba, ka ji da kunnenka. Nas ta ce ka ci.”

“Ba wa nas na rantse ba, ’yata.”

“Rantsuwar kwana ɗaya ce. Wa ya san NEPA za ta ɗauke wuta?”

“Ban ce kwana ɗaya ba. Na ce har sai an ɗauki hoton.” Ya haɗiye yawu. “Wanda ya ɗaure ni shi zai kwance ni. Mu je gida. Kalma ɗaya zai faɗa, in ci.”

Na yi magiya, na yi faɗa, har na yi kuka a gaban mai shayi. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙe ya sa hularsa. A ranar da rabin manyan ƙasar nan suke ɗora hannu a kan littattafai, ni dai mutum ɗaya na gani da ya ɗauki abin da gaske, shi ma yunwa tana neman kayar da shi a bakin titi.

Muna isa gida muka tarar an kafa rumfuna har kan hanya. Kujerun roba, ’yan kiɗa, lemo da giya a cikin bahon ƙanƙara. Ƙanshin dafaduka da soyayyen nama ya cika layin gaba ɗaya. Ta cikin wannan ƙanshin na ratsa da Baba Jethro har ɗakinsa. Na kwantar da shi, na fito neman ɗansa.

Yana babban tebur, kusa da maigidansa, yana dariya tun kafin a gama ba da labari. Na ja hannun rigarsa.

“An ɗage sai Litinin. Nas ta ce ya ci abinci. Ya ƙi, ya ce sai ka kwance shi. Zo ka faɗa masa.”

Ya jawo ni gefe, murmushin yana nan a fuskarsa saboda masu kallo. “In na sake masa yau, gobe ma zai lallaɓa wajen kaskonki. Litinin in sake tsayawa a gaban ’yar yarinyar nan? Abeg.”

“Wilson, jikinsa rawa yake. Kalma ɗaya ce.”

“Ku ’yan zumuntar mata ba kwa yin azumin kwana uku? Wa ya mutu a cikinku?”

“Ba mu da ciwon suga, ba mu kai shekarunsa ba.”

“To na ji. Bari baƙi su tafi.”

Ya zame hannunsa ya koma kujerarsa. Wani ya miƙa masa cinyar akuya.

Wajen la’asar, ana tsakiyar jawabi, sai ga Baba Jethro ya fito. Ya sa maɓallan rigarsa a karkace, ƙafarsa ba takalmi, yana tangaɗi. Gumi kamar an watsa masa ruwa. Ya ratsa kujeru har gaban babban tebur ya tsaya, idonsa a kan farantin nama. Bai miƙa hannu ba. Ya buɗe baki, maganar ta fito a narke.

“An busa jiniya? Zare ya tsinke a layina. Ku kira foman, mai duba aiki.”

Wani mai ƙaton ciki ya buga tebur. “Kai! Baba ya riga mu fara biki! Burkutu ce, Baba, ko ogogoro?”

Aka fashe da dariya, har da masu kiɗa. Mutumin da ko a bikin aurensa bai ɗanɗana giya ba. Na ga wasu ’yan ikilisiyarsu suna kallon juna suna taɓe baki, wato dama haka dattijon yake a ɓoye. Wilson ya taso yana dariyar shi ma, ya kama hannun ubansa ta sama da gwiwar hannu, irin kamun da ake yi wa ɓarawo a kasuwa. Ya ja shi ciki. Na bi su, amma kafin in iso ya tura shi ɗaki, ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun babbar riga.

“Sau biyu ke nan a mako ɗaya,” ya ce wa ƙofar. “Sau biyu kana ba ni kunya.”

Na zage shi. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na san na ambaci uwarsa da ke kabari. Bai ko juyo ba.

Gidanmu yana jikin nasu. Tsakanin katangarmu da bayan ɗakin tsohon akwai wani ɗan lungu inda ruwan kwanon rufi yake zuba. Na shiga gida na dama kunun gyaɗa da sauri, na zuba a babban kofina na silba, na bi lungun ina taka taɓo. Tagarsa tana da ƙarafa. Na leƙa na gan shi zaune a ƙasa, ya jingina da gado.

“Baba. Baba Jethro.”

Ya ɗago a hankali. Idonsa ya daɗe kafin ya same ni, amma ya gane ni.

“Juliana, ’yata.”

“Ga kunu. Da ɗuminsa. Sha, babu mai gani.”

“Akwai,” ya ce.

“Allah ba mugu ba ne, Baba. Ɗanka ne mugu.”

“Kada ki ce haka. Baƙi ne suka yi masa yawa. Yana zuwa.” Ya rarrafo har gindin taga, ya miƙo hannu biyu. Zuciyata ta yi sanyi, na zura kofin ta tsakanin ƙarafa. Ya karɓa, kunun yana tangal-tangal saboda rawar hannu. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya lumshe ido, ya shaƙi tururin. “Kin sa tsamiya,” ya ce. Sannan ya sauke shi ƙasa inda ba na gani. “Zan ajiye. Da ya faɗi kalmar, da wannan zan fara.”

Na roƙe shi har muryata ta dushe. Ya koma ya jingina da gado, ya fara wata waƙar ikilisiya da yarensu, yana cin rabin kalmomin.

Na koma cikin gidan na ɗauki taɓarya na nufi kwaɗon. Bugu ɗaya na samu na yi. Samarin jam’iyya suka riƙe ni, ’yan’uwan Vicky suna ihu wai baƙin ciki nake da ɗaukakar da Allah ya yi wa gidan. Aka fitar da ni waje kamar mahaukaciya, zanina yana kwancewa. Na ruga gidan fasto, aka ce yana cikin gari wajen sujadar godiya. Na dawo lungu, na kira, na kira. Waƙar ta tsaya. Sai wani irin minshari mai nauyi da ban taɓa jin ya yi ba.

Ruwan sama ne ya kori baƙin, ba don shi ba da sun kai dare. Da motar maigidan ta tashi, aka fara tattara kujeru, sai na ga Wilson ya nufi ɗakin da faranti a hannu. Ragowar shinkafa ce daga ƙasan tukunya, da ɗan ƙashi a kai. Wannan karon babu wanda ya tare ni. Ya buɗe kwaɗon yana ’yar waƙa, ranar ta yi masa daɗi.

“To, Baba, na kwance ka. Ci abinka.”

Tsohon yana kwance a gefensa a kan siminti, bakinsa a buɗe.

“Baba, na ce na kwance ka. Kada ka yi min fushin yara.”

Ya taɓa shi da ƙafa. Sai farantin ya faɗi.

A asibitin gwamnati aka yi ta ƙarin ruwa, amma bai farka ba. Likitan ya tambayi yaushe rabonsa da abinci, ni na faɗa. Ya tambayi ko an ci gaba da ba shi ƙwayar suga. Vicky ta ce, “Kullum, likita. Ban taɓa tsallakewa ba.” Likitan ya dube ta, ya dubi babbar rigar Wilson, ya fita. Baba Jethro ya cika ranar Lahadi da safe, ana kaɗa ƙararrawar sujada ta farko.

Rumfunan biki ba a ma kwance su ba, su aka yi zaman makoki a ciki. Tukwanen ma su ne. Da dangi suka iso daga ƙauye, Wilson ya miƙe da jajayen idanu ya ce Baba ya tafi yana cikin azumi, yana yi wa ƙasa addu’a a ranar da ta samu ’yanci daga soja. Aka ce amin, wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama ta ce irin wannan mutuwa sai zaɓaɓɓu. Can baya kuma ina jin masu raɗa suna cewa ai a buge aka gan shi. Na tashi zan yi magana, matan zumunta suka danne ni a kujera, wai ba a tonon asiri a kan gawa. Na tsani yaron nan a ranar, har yau kuma ban daina ba. Ya yi kansila daga baya, ya yi abin da ya fi kansila. Duk ranar da ya wuce a mota ya ɗaga min hannu, kaskona nake kallo.

Ranar Litinin, ranar da aka ce a dawo ɗaukar hoto, aka ce mu mata mu share ɗakin mamacin don baƙi su samu wurin kwana. Ni na fara shiga da tsintsiya. Littafin mai baƙin bango yana kan matashi. Na sunkuya zan share gindin taga, sai na ga hularsa a ƙasa, a kife, an gyara mata zama da kyau. Na ɗaga.

Kofina ne a ƙarƙashi. Kunun yana nan cike har baki, ya yi fata a sama, ya fara tsami. Ko alamar leɓe babu a gefen kofin. Tururuwa sun yi layi suna zagaya inda bakin hular ya zauna, ba su samu hanyar shiga ba.

A waje wani yana kira a kawo wa mutanen ƙauye ƙarin shinkafa. Na mayar da hular yadda ya rufe ta.